Jarrabawar ƙarin girma: Yadda ma'aikaci zai yi bita a makonni biyu na ƙarshe

A duk lokacin da hukumar kula da ma'aikata ta wata jiha a Najeriya ta sanya ranar jarrabawar ƙarin girma, kasuwar masu fotokwafi a bakin sakatariya takan buɗe. Ma'aikata kan sayi damin tambayoyin shekarun baya, wasu kuma su karkaɗe ƙura daga kundin dokokin aikin gwamnati da suka daɗe ba su buɗe ba.

Damuwar tasu tana da dalili. A tsarin gwamnatin tarayya, wanda jihohi da dama suka kwaikwaya, ma'aikacin da ke tsakanin mataki na 7 da na 14 sai ya shekara uku a matakinsa kafin a duba batun ƙara masa girma, daga mataki na 15 kuwa sai shekara huɗu. Wanda ya faɗi zai jira wani zagayen, albashinsa na nan inda yake, ga kuma ranar ritaya, wato cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, tana ƙara matsowa.

To idan saura makonni biyu, kuma mutum na zuwa ofis kullum, ga hidimar iyali, ta yaya zai yi amfani da ɗan lokacin da ya rage masa?

Rufe littafi

Akasarin mutane sukan zauna su yi ta maimaita karanta kundin dokoki, suna ja wa layuka jan biro. Binciken masana halayyar ɗan Adam ya nuna cewa wannan hanya tana yaudarar mai ita, domin idan ido ya saba da shafi sai mutum ya ɗauka ya riƙe abin da ke ciki.

A shekarar 2006, wasu masana biyu a Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai wani gajeren rubutu. Rukuni ɗaya ya yi zama huɗu yana karanta shi. Ɗaya rukunin ya yi zama ɗaya na karatu, sannan aka karɓe takardar aka sa shi ya rubuta abin da ya tuna har sau uku.

Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba, da kashi 83 cikin ɗari, masu rubutawa da ka kuma suna da 71. Amma bayan mako guda sai labari ya sha bamban: masu maimaita karatun sun sauko zuwa kashi 40, yayin da ɗaya rukunin ya riƙe kashi 61.

Wanda ya taɓa yin hadda ba zai yi mamakin wannan ba, domin ya san sai an kife allo ake gane wanda karatu ya zauna masa.

Ga ma'aikaci, ma'anar hakan ita ce a kwanakin ƙarshe ya karanta babi guda, ya rufe kundin, ya ɗauki farar takarda ya rubuta abin da ya tuna, sannan ya buɗe ya ga inda ya yi tuntuɓe. Wuraren tuntuɓen nan su zai tara a takarda ɗaya, ya sake gwada kansa a kansu bayan kwana biyu, sannan bayan kwana huɗu ko biyar. Tun a 1885 masanin nan ɗan Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan karatu. Saboda haka minti arba'in kullum bayan sallar asuba ya fi a tara komai a kwana ana fama ranar Asabar.

Hanya ce mai gajiyarwa, kuma takan sa mutum ya ji kamar bai san komai ba. A nan ne da yawa suke karaya su koma ga jan biro.

Kundin wa ake karantawa?

Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan haɗari, wato karanta dokokin da ba na jihar mutum ba. Sashe na 197 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowace jiha hukumar ma'aikatanta, mai ikon ɗauka da ladabtarwa da sallama, kuma jihohi suna da nasu dokokin aiki da takardun umarni da ke fitowa daga ofishin shugaban ma'aikata. Amma littattafan tambaya da amsa da ake sayarwa a bakin hanya galibi a kan dokokin tarayya aka gina su.

Su kansu dokokin tarayyar sun sauya. Kundin 2008 ya kau, wanda aka sabunta a 2021 ya fara aiki a watan Yulin 2023, sai dai hakan bai wajabta shi a kan ma'aikacin jiha ba, sai idan jiharsa ta karɓe shi.

Batun fansho misali ne mai kyau. Jihar Kaduna na bin tsarin da kowane ma'aikaci ke da asusunsa na kansa, Kano da Jigawa kuwa suna tara gudummawar ma'aikata da ta gwamnati a asusu guda. Wanda ya haddace amsar tarayya ya kai ta Dutse, ya yi karatu amma ya rasa maki.

Don haka zai fi kyau ma'aikaci ya ware yini guda a makon farko ya je sashen mulki na ma'aikatarsa, ya nemi takardun umarni na shekaru biyu ko uku da suka wuce.

A cikin kundin kuma ba kowane babi ne ya cancanci lokaci ɗaya ba. Abubuwan da suka yi kama da juna su ne suka fi kayar da mutane: bambancin ƙaramin laifi da babban laifi, bambancin dakatarwar da ake biyan mutum aƙalla rabin albashi da wadda ake tsayar da albashin baki ɗaya, ire-iren hutu da adadin kwanakinsu, da kuma ƙa'idar karɓar kuɗin gudanar da ofis da bayar da bayanin yadda aka kashe su kafin ƙarshen shekara. Ire-iren waɗannan a jera su biyu-biyu, a riƙa tambayar kai abin da ya raba su.

Tsofaffin tambayoyi

Tambayoyin shekarun baya suna da amfani wajen sanin salon masu jarrabawa, amma amsoshinsu kan tsufa, musamman a fannin al'amuran yau da kullum. A watan Mayun 2024 Najeriya ta koma ga tsohon takenta na ƙasa, a watan Yulin shekarar kuma aka sa hannu a kan dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70. Takardar da aka buga kafin lokacin za ta ba da amsar da ta daina aiki. Haka nan sunayen kwamishinoni da na ma'aikatun da aka haɗe ko aka raba.

Abubuwan da ba sa sauyawa, kamar shekarar da aka ƙirƙiro jiha da yawan ƙananan hukumominta, ba sa buƙatar fiye da zama ɗaya. Kano 1967 da ƙananan hukumomi 44, Katsina 1987 da 34, Jigawa 1991 da 27.

Inda ake yin jarrabawar da kwamfuta, wanda bai saba da ita ba, ko da babban jami'i ne, ya kamata ya je cibiyar da ɗalibai ke gwajin JAMB ya zauna sau biyu ko uku yana duba agogo. Inda kuma ake rubutu da hannu, ya gwada rubuta wasiƙar ofis da bayani a fayil cikin ƙayyadadden lokaci, ya ba wani na gaba da shi ya duba masa.

A kwanaki biyu na ƙarshe kada a buɗe sabon babi. Takardar nan ta wuraren tuntuɓe ita kaɗai za a duba. A daren jajibiri kuma a kwanta da wuri, domin bincike ya tabbatar da cewa barci na taimaka wa ƙwaƙwalwa wajen adana abin da aka koya. Kafin a kwanta, a haɗa katin shaidar aiki da takardar ƙarin girma ta ƙarshe da duk abin da sanarwar hukumar ta ce a zo da shi, a kuma tabbatar da wurin da za a zauna jarrabawar da lokacin da za a fara.