Perlentaucher: Mujallar Jamusanci Mai Tsinto Sharhin Littattafai

A ƙasashen da ke magana da Jamusanci, kusan kowace babbar jarida tana ware wasu shafuka da ake kira Feuilleton, wato sashen al'adu, inda masana ke yin sharhi a kan sababbin littattafai da wasan kwaikwayo da kiɗa, har ya zama hukuncin da aka yanke wa littafi a can yana iya ɗaukaka marubucinsa ko ya dusashe shi. Da yake ba wanda zai iya bin waɗannan shafuka duka, a shekarar 2000 wasu 'yan jarida a Berlin, ciki har da Thierry Chervel da Anja Seeliger, suka kafa mujallar intanet mai suna Perlentaucher, ma'ana mai nutso don tsinto lu'ulu'u a ƙasan teku.

Aikinta shi ne ta karanta jaridu irin su Frankfurter Allgemeine Zeitung da Süddeutsche Zeitung da Neue Zürcher Zeitung ta ƙasar Suwizalan, ta taƙaita abin da kowane mai sharhi ya faɗa, sannan ta adana taƙaitawar a ƙarƙashin sunan littafin, ta yadda mai karatu zai ga yabo da suka a jere, ko da shekaru sun shuɗe. Wannan taƙaitawa ce ta kai ta gaban shari'a, domin biyun farko na waɗancan jaridu sun yi ƙorafin ana cin guminsu. A watan Disamba na 2010 babbar kotun tarayya ta Jamus ta nuna cewa taƙaitawa halal ce matuƙar mai yin ta ya yi da kalmominsa, bai kwashe zaɓaɓɓun lafuzan mai sharhi ba.

Abin da ya fi dacewa mai karatun Hausa ya lura da shi a nan shi ne adanawar. Hausa ba ta rasa masu sharhi ba, domin a shekarun 1990 an tafka muhawara a jaridar New Nigerian ta Kaduna a kan littattafan soyayya da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, inda Ibrahim Sheme da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka sa baki, wasu na ganin littattafan sun gurɓata adabi, wasu kuma na ganin su ne suka jawo mata da matasa zuwa karatun boko na Hausa. Sai dai yawancin rubuce-rubucen sun warwatsu a tsofaffin jaridu da kundayen jami'o'i, abin da ke da ban takaici ƙwarai.

Alal misali, ɗalibar da ke Kwali, a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, tana iya samun In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ko Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, amma idan tana son sanin abin da manazarta suka faɗa a kansu, sau da yawa sai ta nemi ɗakunan karatu na jami'o'in Zariya ko Kano.