Zaɓen Haruffa Masu Kauri da Matsi a Kanun Labarai da Fostocin Hausa

1.0 Gabatarwa

Aikin kanun labari da fosta shi ne su kamo idon mai wucewa daga nesa, kuma cikin ɗan fili. Wannan ne ya sa ma'aikatan ɗab'i ke son haruffa masu kauri waɗanda aka matse faɗinsu, irin su Impact, wanda Geoffrey Lee ya zana a Ingila a 1965. Wannan maƙala za ta nuna cewa samfurin da ya dace da Ingilishi ba lalle ne ya dace da Hausa ba.

2.0 Matsalar Ƙugiya

Rubutun boko yana da baƙaƙe masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, sai kuma ƴ da ake amfani da shi a Jamhuriyar Nijar a madadin 'y. Ƙugiyar nan ita ce ke rarrabe ma'ana, kamar a tsakanin baki da baƙi, kafa da ƙafa, ko bari da ɓari.

Galibin samfurorin kanu an zana su ne domin harsunan Turai, don haka babu waɗannan baƙaƙe a cikinsu. Idan mai shirya shafi ya buga su, kwamfuta takan aro su daga wani samfuri, sai a ga siririn Ƙ a tsakanin kaurara. Wasu kuwa yar da ƙugiyar suke yi baki ɗaya, sai SHUGABAN ƘASA ya koma SHUGABAN KASA. Ko a samfurin da ke da baƙaƙen, matsi yakan cinye filin ƙugiya. Ta Ɓ da Ɗ tana leƙowa ne ta hagu, saboda haka takan manne da harafin da ya gabace ta, musamman a takardar jarida mai shan tawada.

3.0 Matakan Zaɓe

Na farko, a tabbatar samfurin yana da manya da ƙananan baƙaƙen nan duka. Tsarin Unicode ya tanadar musu gurbi, kuma dangin Noto Sans, alal misali, yana da su a nau'o'insa masu kauri da matsi. Na biyu, a gwada shi da kalmomi irin su HAƘƘI da ƁAƁƁAKE, inda ƙugiyoyi ke bin juna. Na uku, a buga gwajin a kan takarda, a manna a bango, a ja da baya a karanta. Idan ƙugiya ta ɓace, a ɗan buɗa tazarar haruffa ko a rage kauri. Kada kuma a matse harafi da ƙarfin kwamfuta, domin yin haka yana sirantar da tsayayyun layukansa, ya gurɓata ƙirarsa.

4.0 Kammalawa

Tun a shekarun 1980 aka yi ƙoƙarin samar da samfurin Pan-Nigerian domin harsunan ƙasar nan, tare da gudummawar Hermann Zapf. Matsalar ba ta Hausa kaɗai ba ce: ɗigon ƙasa na Yarbanci da Ibo shi ma yakan salwanta a kanu. Ya kamata masana harshe su sa baki a wannan zaɓe, domin fosta da kanun jarida su ne rubutun da jama'a suka fi gani, kuma daga gare su yara ke kwaikwayon ƙa'idar rubutu.