Faston Karkara a Jihar Kebbi: Horonsa, Abincinsa da Aikinsa

A ikilisiyoyin Arewa, mafi yawan aikin yau da kullum yana wuyan fasto da mai bishara na karkara. Su ke wa'azin Lahadi, su ke zuwa gaisuwar mara lafiya da jana'iza, su ke sulhunta miji da mata. Nauyin ya fi tsanani inda Kiristoci suke 'yan kaɗan. Diggi, wadda mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Kalgo cikin masarautar Gwandu, tana cikin irin wannan yanki. Ƙasa ce ta manoman shinkafa da gero, Musulmi ne mafi rinjaye, kuma tarihinta a ɗaure yake da na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Kiristocin wannan ɓangare galibi ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ɗalibai, musamman tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013. Tushen Kiristanci a jihar yana kudu ne, a ƙasar Zuru da Yawuri, inda cocin UMCA ya daɗe da kafuwa, tare da ECWA da Katolika da Angilika da Baptis.

Horon waɗannan ma'aikata ya faro ne da harshe. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bayan aikin shekaru wanda Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya taka babbar rawa a cikinsa. Wannan littafi ya sa Hausa ta zama harshen sujada har ga kabilun da ba Hausawa ba, shi ya sa Badakkare daga Zuru zai iya tsayawa a kan bagadi a Kalgo ko Argungu, jama'a su fahimce shi. Mishan ɗin SIM, wanda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka faro a 1893, ya buɗe makarantun Littafi Mai Tsarki, fitacciya cikinsu ta Kagoro. Daga wannan aiki ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. A 1955 aka kafa tarayyar da a yau ake kira TEKAN, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya, kuma kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru ta soma karatu a 1959. ECWA ta ƙara da makarantar JETS a Jos a 1980, Angilika kuma tana da kwalejin St. Francis a Wusasa.

Sai dai manyan makarantun nan da Turanci suke koyarwa, kuma wanda ya fito da digiri yakan nufi cocin birni. Ƙauye kuwa yakan samu wanda ya yi makarantar Hausa ta shekaru kaɗan, sau da yawa tare da matarsa, wadda ita ma ake koya mata karatu da jagorancin Zumuntar Mata. Don cike wannan giɓi, ikilisiyoyi da dama sun ɗauki tsarin koyon tauhidi daga gida, wanda aka faro a ƙasar Gwatamala a 1963. Ɗalibi yana gonarsa da ikilisiyarsa, yana nazarin darussa, malami ya riƙa zagayowa suna bita. Tsarin ya dace da manomi, amma yana tafiya ne muddin akwai littattafan Hausa da kuɗin man babur na malami, kuma waɗannan biyun ne suka fi saurin yankewa.

Daga nan sai batun ciki. A yawancin ɗariku, albashin fasto yana fitowa ne daga baiko da zakkar membobi, sannan a tura wani kaso zuwa gunduma da hedikwata. Ikilisiyar da ke da iyalai kaɗan, dukansu manoma, ba ta da kuɗi sai da kaka, lokacin bikin godiya, inda ake kawo damman gero da buhunan shinkafa. Saboda haka fasto yakan yi noma kamar kowa, matarsa ta yi ƙaramar sana'a. Wannan ba abin kunya ba ne, domin Manzo Bulus ma ɗinkin tanti ya yi. Matsalar tana wajen canjin wurin aiki: wanda aka ɗauke shi bayan ya gyara gona sai ya koma farawa daga tushe, kuma sau da yawa yakan kai shekarun ritaya ba shi da gidan kansa. Ƙungiyar EMS, wadda aka kafa a 1948 don aika masu bishara 'yan ƙasa, ta dogara ne ga gudummawar ikilisiyoyi da ɗaiɗaikun mutane, kuma nan ake ganin amfanin cocin birni mai ƙarfi ya ɗauki nauyin ma'aikacin ƙauye.

Sabunta ruhu shi ne abin da aka fi yi wa taro. Shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya bazu a Arewa tun shekarun 1960, ya koya wa membobi fita wa'azi da kansu maimakon barin komai ga fasto. Akwai kuma tarurrukan farkawa da na fastoci na shekara-shekara. Amma taron kwana uku ba ya warkar da gajiyar mutumin da ya binne membobinsa. A Danko-Wasagu da Sakaba, hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, Musulmi da Kirista, kuma sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021 ya nuna girman lamarin. Faston da ya yi gudun hijira tare da jama'arsa yana bukatar mai sauraronsa, da hutu, da horo kan yi wa masu firgici ta'aziyya.

Hidimar adalci kuwa tsohuwa ce a wannan yanki. A shekarun 1930 SIM ta soma kula da masu cutar kuturta a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. A ƙasar Maraɗi, Tony Rinaudo na SIM ya yi aiki da manoma tun shekarun 1980 kan barin kututturan itatuwa su sake toho a gona, dabarar da ta mayar da itatuwa ga filaye masu yawa a Nijar, kuma mafi yawan waɗanda suka amfana Musulmi ne. Cocin Katolika yana da hukumar adalci da ci gaba da zaman lafiya a dayosis-dayosis, kuma Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato, wanda ya kama aiki a 2011, ya yi suna wajen faɗa wa masu mulki gaskiya. A Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da abokan gaba ne, sun haɗu a 1995 suka soma aikin sasanci tare.

Ga faston yanki irin na Diggi, adalci ya fi kama da raka gwauruwa gaban mai gari kan gonar da aka ƙwace mata, ko neman filin maƙabarta, ko zuwa ta'aziyya gidan liman. Wannan aiki yana bukatar sanin al'adar gari, da girmama sarauta, da ɗan sanin doka, abubuwan da ba kasafai suke samun wuri mai yawa a manhajar makarantun tauhidi ba. Ɗarikun da ke aiki a Kebbi sun yi ƙoƙari wajen kafa makarantu da naɗa fastoci, amma kula da fasto bayan an tura shi ƙauye har yanzu yana baya.