Masassarar da ba ta jin maganin sauro

A Dumega da sauran garuruwan Dallol Mauri, fura da nono abincin kullum ne. Amma akwai wata cuta da ke fitowa daga dabba ta kama mutum ta hanyar ɗanyar madara. Fulani na ce mata bakkale, likitoci kuwa burusaloz. Tana sa saniya, akuya ko tunkiya ɓari, wani sa'i gwiwar saniya ta kumbura. Makiyayi da mahauci su ma suna ɗaukarta wurin taɓa ɓarin ko jinin dabba.

Ga mutum, masassara ce mai zuwa ta tafi, da zufa cikin dare, da ciwon baya da na gaɓoɓi. Sai a zaci ta sauro ce. A sha magani, ba sauƙi. Manomi ya kwanta, damina ta wuce shi.

Yaya ake gane ta?

Ƙwayar cutar ƙanƙanuwa ce, ido ba ya ganinta, kuma ba ta da yawa cikin jini. Don haka sai a yi kiwonta har ta yawaita. Wani likitan soja ɗan Birtaniya, David Bruce, shi ya fara gano ta a tsibirin Malta a 1887. A 1905 aka gane cewa madarar awaki ke kawo ta.

Ma'aikaci yana wanke hannun marar lafiya, ya ja jini kaɗan da allura. Ya zuba shi cikin kwalba mai ruwan abincin ƙwayoyin cuta. A ajiye kwalbar cikin akwati mai ɗumi daidai da jikin mutum, digiri 37. Kamar iri ne da aka shuka, ana jiran tsiro. Ƙwayar bakkale ba ta da gaggawa. Da sabbin na'urori tana bayyana cikin kwana 7. Da tsohuwar hanya a kan jira har sati 4. In ta tsiro, babu sauran shakka.

Ba kowace likita ke da wannan aiki ba, sai manyan ɗakunan bincike na birni. Akwai kuma gwajin jini mai sauri, na minti kaɗan, wanda ake farawa da shi. Jinin dabbobi kuwa, ma'aikatan kiwo ke aika shi LABOCEL a Yamai.

Abin da ya kamata a yi

1. Masassara ta wuce sati biyu, a tafi likita.
2. A faɗa wa ma'aikaci in ana shan ɗanyar madara, ko wata dabba ta yi ɓari a gida. Wannan na nuna masa hanya, yana kuma kare masu binciken, don su ma cutar na kama su.
3. A ba da jini kafin shan magani. Maganin tebur na hana ƙwayar tsirowa.
4. In an nemi jini sau biyu ko uku, a yarda. In cuta ta daɗe, kwalba ɗaya na iya fitowa babu komi.

Bakkale na warkewa. Magani iri biyu ake haɗawa, a sha har sati 6. Wanda ya bari a tsakiya, tana iya komo masa.

A tafasa madara kafin a sha ko a yi nono da cuku, don tsami kaɗai ba ya kashe ƙwayar duka. Ɓarin dabba kuwa, a rufe hannu da leda, a binne shi cikin rami mai zurfi, a sanar da ma'aikacin kiwo.