Yaƙi a Kan Tebur: Fentin 'Yan Mayaƙa da Gina Musu Kufai

Duk wanda ya taɓa leƙa situdiyon 'yan Akitekca a makon miƙa aiki ya ga yadda kwali da gam da reza suke zama bene kafin gari ya waye. To, akwai mutanen da suke irin wannan aikin ba don maki ba, ba kuma wani lakcara ne ya sa su ba. Su gina rusasshen gari a kan tebur, su ɗauko 'yan mutum-mutumi da tsayinsu bai kai babban yatsa ba, su yi musu fenti, sannan su kira aboki a gwabza yaƙi da ƙwayar lido da tef ɗin awo. Kada ka ɗauka yara ne. Da yawansu magidanta ne masu furfura.

Abin ya daɗe. A 1824 sojojin Prussia, a ƙasar Jamus ta yanzu, suka karɓi wani wasan taswira mai suna Kriegsspiel don horar da hafsoshinsu. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da Little Wars, littafin dokokin yaƙi da sojojin wasan yara a tsakar ɗaki. Dodanni da matsafa sun shigo ne ta wani ƙarin babi a ƙarshen dokokin Chainmail na Gary Gygax da Jeff Perren, a Amurka, a 1971. Wanda ya mai da abin babbar kasuwa shi ne kamfanin Games Workshop, da aka kafa a Landan a 1975, wanda ya fitar da Warhammer a 1983. Yanzu hedikwatarsa tana Nottingham, kuma wasu kamfanonin wannan harka irin su Warlord Games da Mantic duk a garin suke.

Sai dai babban wasan Warhammer yana buƙatar runduna, wani lokacin mayaƙa ɗari ko fiye, kuma kowanne sai an saya an yi masa fenti. Wa ke da wannan kuɗin da lokacin? Shi ya sa wasannin ƙaramar arangama suka samu shiga, inda kowane ɗan wasa ke riƙe da mayaƙa kamar goma. Ga biyu daga cikin waɗanda suka yi suna. Mordheim ya fito a 1999, labarin wani birni ne da tauraro mai wutsiya ya faɗo wa, ƙananan gungu suna kutsawa cikin kufansa neman gutsattsarin wani koren dutse mai tsada. Frostgrave kuwa Joseph McCullough ne ya rubuta shi, ya fito a 2015, matsafi ne da almajirinsa da sojojin haya har takwas suke farautar dukiya a birnin da ƙanƙara ta binne, a kan tebur mai ƙafa 3 kowane ɓangare.

A irin waɗannan wasannin yaƙi ba ya ƙarewa a zama ɗaya. Mayaƙin da aka sara yau, mako mai zuwa zai dawo da ido ɗaya ko da ɗingishi. Wanda ya tsira ya ƙara gogewa, ya sayi sabon makami. Kowanne yana da suna da tarihi. Daga nan duk sauran aikin ya samo asali: idan mutum goma kacal gare ka, dole kowanne a gane shi daga nesa, kuma dole filin da suke yaƙi a ciki ya zama yana da abin cewa.

Inuwa zana ta ake yi

Kuskuren sabon shiga shi ne ya ɗauka fenti shafa launi ne kawai: riga ja, wando baƙi, shi ke nan. Ya gama ya ajiye a tebur, sai ya ga wani dunƙule kamar alewa. Dalilin lissafi ne. Tsayin waɗannan mayaƙa kusan milimita 28 ne, wato mutum an rage shi sau hamsin da wani abu. Ninkin babbar riga da zurfinsa ya kai santimita 3 a jikin mutum, a nan rabin milimita ne. Rami irin wannan ba ya yin inuwar da ido zai gani daga nisan hannu. Saboda haka mai fenti ba launi kaɗai yake sawa ba, haske da duhu yake zanawa da hannunsa: ya duhunta kwaruruwa fiye da gaskiya, ya haskaka tuddai fiye da gaskiya. A kusa zai yi kamar an wuce gona da iri. A kan tebur sai ya zauna daidai.

Kafin fenti akwai shara. Kowane mayaƙi yana fitowa da siririn layi inda ɓarin mazubi biyu suka haɗu, sai a kankare shi da bayan wuƙa. In na resin ne ko ƙarfe, a wanke da sabulu, don man da aka shafa wa mazubin yana hana fenti kamawa. Daga nan sai fentin shimfiɗa, wanda shi ke riƙe sauran. Wata dabara mai kyau: ka fesa baƙi ko'ina, sannan ka fesa fari daga sama kawai, kamar rana ce tsaka. Nan take za ka ga inda haske ya kamata ya sauka, mayaƙin ya koya maka da kansa.

Fentin da ake amfani da shi akirilik ne, mai narkewa a ruwa. Citadel da Vallejo na ƙasar Sifen su ne sanannu, amma na tub da ake sayarwa a shagunan kayan zane ma yana yi, musamman ga gine-gine. Sirrin dai a tsinka shi ya koma kamar madara. Duncan Rhodes, wanda ya daɗe yana gabatar da bidiyon koyar da fenti na Games Workshop, ya yi suna ne a kan nanata abu ɗaya, cewa shafe biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, har abin ya zama abin barkwanci a tsakanin masu harkar. Amma gaskiya ya faɗa. Fenti mai kauri yana cike fuska da zoben sulke, kuma in ya cike ya cike. Mu nan da hunturu matsalar ta ninka, don iska a bushe take, fenti na iya daskarewa a bakin buroshi kafin ka kai shi inda za shi. Maganinsa araha ne: robar tekawe, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tishu, a ɗora takardar gashin kek a kai, a riƙa ɗiga fentin a kanta. Danshi yana ratsowa daga ƙasa, fenti ya yi awanni bai bushe ba.

Bayan launin farko sai ruwan inuwa, wato fenti mai duhu da aka tsinka sosai, wanda yake gangarawa cikin kwaruruwa da kansa. Ana sayar da shi a kwalba, ana kuma haɗawa a gida da baƙi ko ruwan ƙasa, ruwa mai yawa, da ɗigo ɗaya na sabulun wanke kwano. 'Yan SLT sun san dalili: sabulu yana rage ƙarfin da ke ɗaure fuskar ruwa, sai ya kwanta cikin rami maimakon ya tsaya ɗigo-ɗigo. Kishiyarsa ita ce dabarar busasshen buroshi. Ka tsoma tsohon buroshi a launi mai haske, ka goge a tishu har ka ɗauka ba abin da ya rage, sannan ka riƙa sharar saman mayaƙin a hankali. Tuddai kaɗai za su ɗauka. Gashi, sulke, dutse, katako, duk da ita ake fito da su cikin minti biyu.

Ido fa? Ni shawarata ka ƙyale shi. Daga nisan mita ɗaya ba mai ganinsa, kuma in hannu ya ɗan goce sai jaruminka ya koma kamar wanda ya ga sakamakon jarrabawa. Ɗan duhu a kwarmin idon ya wadatar. Masu shiga gasar Golden Demon, da ake yi tun 1987, su ne ke zana har ƙyallin ƙwayar ido, amma su ba don wasa suke yi ba. Abin da ya fi amfani shi ne launi ɗaya da zai haɗa gungunka, kamar jan ɗamara ko shuɗin mayafi, don a san naka ne ko a tsakiyar hargitsi.

Yanka da ɗori

Akwai wata al'ada a wasannin nan, cewa abin da mayaƙi ke riƙe da shi a hannu shi ne makaminsa a takarda. To idan kyaftin ɗinka ya ajiye takobi ya sayi gatari fa? Sai tiyata. A yanke hannu a wuyan hannu, a ɗauko na wani a ɗora. A canja kai, a ƙara jaka, a rufe ido ɗaya da ƙyalle. Wasu ma daga tarkacen akwati uku suke haɗa mutumin da ba kamfanin da ya taɓa ƙera shi.

Gam iri biyu ne, kuma ba a musanya su. Gam ɗin roba ba manna yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake su haɗe kamar walda, don haka a kan resin ko ƙarfe ba ya komai. Su sai sufa gulu. Shi kuma sufa gulu yana da ƙarfi in an ja, amma in aka buge shi ta gefe sai ya ɓalle. Shi ya sa ake huda ɓangarorin biyu da ɗan ƙaramin abin huji na hannu, a zura guntun wayar kilif ɗin takarda a tsakani, tamkar rodi a cikin kankare. Giɓin da ya rage ana cike shi da wani ƙullin ifoksi da ke zuwa kashi biyu, rawaya da shuɗi, a murza har ya koma kore. Yana ba ka kamar awa guda kana sarrafa shi, ya kwana ya ƙanƙame. Ka riƙa jiƙa abin aikinka don kada ya manne. Da shi ake ƙera gemu, igiya, har alkyabba.

Inda ake gane gwani shi ne a tsayuwa. Hannun da aka ɗaga da gatari yana jan kafaɗa sama, kuma kai yana kallon inda makami ya nufa. In ka manta da wannan, kowa zai ga wani abu bai yi daidai ba ko da bai iya faɗin mene ne ba. Sai gargaɗi ɗaya: tsofaffin mayaƙan ƙarfe suna da dalma a ciki, don sai a shekarun 1990 kamfanoni suka daina sa ta. In ka kankare irinsu, ka wanke hannu. Ƙurar resin ma ba ta shaƙa ba ce.

Garin da ake yaƙi a ciki

A nan ne ɗalibin Poli ya fi kowa dama, kuma a ganina nan ne wasan yake. Dokar harbi a mafi yawan wasannin ita ce, in mayaƙinka yana iya ganin abokin gaba, zai iya harbinsa. A tebur fili fetal, mai 'yan baka da yawa ya ci wasa tun kafin a fara. Bango, lungu da tarin ɓaraguzai su ke ba mai takobi hanyar matsowa. A Mordheim har hawa sama ake yi, a tsallaka daga bene zuwa bene a kan katako, wanda ya zame ya faɗo ya ji ciwo. Ka ga kenan mai gina filin shi ne yake tsara yadda yaƙin zai kasance.

Kuma kayan ginin kusan duk shara ne. Kwali mai kauri don bango. Farin soson da ke zuwa cikin kwalin firiji ko talabijin don duwatsu, kodayake yana marmashewa, wanda ake sawa a gini don tare zafi ya fi shi laushi da karɓar zane. A kansa ake zana bulo da bakin biro, sannan a dunƙule takardar alminiyam a daddanna, sai ya yi kaushin dutse. Sandar ayis kirim tana zama daɓen katako, tsinken tsire ya zama azara, ashana ta zama tsani. Ɓargon kara, wanda muka yi motar kara da shi muna yara, ba nauyi kuma reza tana yanka shi salin alin, ya dace da ginshiƙan da suka karye. Yashi a tankaɗe shi a rariya, a barbaɗa a kan farin gam irin Top Bond.

Abubuwa uku ke lalata aikin mutane. Fentin feshi da sufa gulu suna cinye soso, kana kallo ginin da ka kwana a kai zai lotsa, don haka a fara shafe shi da farin gam haɗe da baƙin fenti. Kwali yana lanƙwashewa idan gam ya bushe a fuska ɗaya, sai a shafa wa bayan ma, ko a kafa ginin a kan siririn katako. Na uku shi ne mantawa da hannun ɗan wasa. Gida mai bango huɗu da rufi yana da kyau a hoto, amma ta ina za ka sa mayaƙi? Shi ya sa kufai ya fi: bango biyu masu kusurwa, rabin daɓe a sama, bayan a buɗe. Ka ajiye mayaƙi ɗaya kusa da kai kana gwadawa, ƙofa ta fi shi tsayi, baranda ta ɗauki faifan da yake tsaye a kai.

Fentin gini ba wuya: duhu a ƙasa, busasshen buroshi da toka-toka, ruwan inuwa mai ruwan ƙasa a gindin bango inda datti ke taruwa. A ƙarshe a fesa banish marar ƙyalli don kada yatsu su goge aikin, amma ba ranar da hadari ya haɗo ba, don danshi yana sa shi ya yi fari kamar an barbaɗa gari.

Na san akwai 'yan'uwa da ba sa son harkar siffar mai rai. Ginin filin kaɗai fage ne mai zaman kansa, kuma hannun da ya iya shi shi ne ke yin samfurin gini ga masu zanen gidaje. Batun kuɗi kuma, mayaƙan daga waje ake kawo su, ga dala yadda take. Sauƙin shi ne Frostgrave bai tilasta maka mayaƙan wani kamfani ba, duk abin da girmansa ya yi daidai ya shiga, kuma akwati ɗaya na roba mai mutum ashirin ya ishi mutum biyu su raba. In sashenku yana da injin ɗab'i na 3D mai resin, shi ma hanya ce, a dai sa safar hannu don ruwansa yana cin fata kafin ya ƙanƙame.

Idan ka jera gine-ginenka, kafin a fara wasa ka durƙusa ka sa idonka daidai da kan mayaƙi a bakin tebur. In kana hango ɗaya bakin ba abin da ya tare ka, filin bai cika ba tukuna. Ka jawo bango ɗaya ka toshe wannan hanyar, ka koma wata kusurwa ka sake dubawa.