Karatun Da Zai Iya Ƙwato Wa Mawaƙi Haƙƙinsa

Kullum muna kuka da satar fasaha: a saki fim yau, gobe ka gan shi ana turawa a waya kan naira ɗari. Ni a ganina abin da masana'antarmu ta fi rashi ba kyamara ba ce, lauyoyi ne da suka ƙware a dokar haƙƙin mallakar fasaha. Kuma fa karatu ne mai zaman kansa, da ake yi a matakin digiri na biyu.

Ga misali don ku ga amfaninsa. A 1939 wani mawaƙin Afirka ta Kudu, Solomon Linda, ya rera waƙa mai suna Mbube, ya sayar wa kamfanin Gallo da ita kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Waƙar ta tsallaka Amurka, aka sauya ta zuwa The Lion Sleeps Tonight, har ta shiga fim ɗin The Lion King na 1994. Shi kuwa Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. Daga baya lauya Owen Dean, wanda ya yi digirinsa na uku a kan wannan fanni, ya zaƙulo wata tsohuwar dokar Ingila ta 1911 da ta ce shekara 25 bayan rasuwar mai fasaha, haƙƙinsa na komawa hannun magada. Da ita aka kai Disney kotu a 2004, aka yi sulhu a 2006, 'ya'yansa suka fara samun rabonsu. Kun ga aikin ilimi ke nan.

To me ake koyarwa? Manyan rassa uku ne: haƙƙin mallakar waƙa, fim da littafi, tambarin kasuwanci, kamar sunan kamfani ko tashar YouTube, sai kuma kariyar sabuwar ƙirƙira. Ana kuma koyon rubuta yarjejeniya da bin yadda kuɗin waƙa ke rabuwa tsakanin marubuci, mawaƙi, mai kiɗa da furodusa.

A Najeriya dokar da ke aiki ita ce ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, hukumar NCC kuma ke kula da ita. Ta ce baitin waƙa da karinta suna da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai su, fim da sautin da aka ɗauka kuwa shekara 50 daga fitowarsu. Da ka rubuta ko ka ɗauki abu, haƙƙinka ya tabbata ko ba ka yi rajista ba. Amma fa doka ba ta kare tunanin da ke cikin kanka, sai abin da ka fitar. Sannan sayar da haƙƙi sai a rubuce. Nan ne 'yan'uwanmu ke faɗawa rami, don yawanci cinikin baki ake yi a situdiyo, ana cewa ai mu ɗaya ne.

Hanyar karatun fa? Digirin lauya shekara biyar ne, sai Makarantar Horon Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano, sannan a nemi digiri na biyu. Hukumar duniya ta WIPO, mai hedikwata a Janiba da ofis a Abuja, tana haɗa gwiwa da jami'o'i wajen bayar da irin wannan digiri, kamar Africa University a Zimbabwe da KNUST a Kumasi. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi masu Faransanci suna da na Jami'ar Yawunde ta Biyu a Kamaru. Kuma ba lauyoyi kaɗai ake ɗauka a waɗannan ba.

Shawarata dai, ba dole sai ka zama jarumi ko mawaƙiya za ku taimaki Kannywood ba. In kana son fim kuma kana da ƙwaƙwalwar karatu, ga gurbi nan a buɗe. Ku kuma masu waƙa, kafin ku miƙa aikinku, ku nemi takarda, ku karanta, sannan ku sa hannu.

Ku faɗa min ra'ayinku a ƙasa.