Idan shafin intanet ya hargitse a wayarki, ba laifinki ba ne

Kwanakin baya wata mai sana'ar albasa daga Ibohaman, cikin gundumar Kaita, ta kira ni a shirina na rediyo tana kuka da wayarta. Ta ce ɗanta ya turo mata wani shafi don ta duba kuɗin buhu kafin ta kama hanyar Madawa, amma da ta buɗe sai ta ga lambobi sun hau kan juna, wurin dannawa kuma ya ɓace. "Malam, ko dai in sayar da ita?" in ji ta.

To Hajiya, kada ki yi gaggawa. Kowane shafi kaya biyu yake ɗauke da su. Akwai rubutu da hotuna, akwai kuma umarnin da ake kira CSS, wanda ke faɗin inda kowane abu zai zauna, kamar yadda kike jera kaya bisa tebur. Manhajar da ke buɗe shafin, wato burauza irin su Chrome da Opera Mini, ita ke bin wannan umarni. Idan ta tsufa, aka kuma ba ta sabon umarnin da ba ta sani ba, ba ta cewa komai, tsallake shi take yi, sai kayan su zube.

Su kuwa manyan kamfanoni ba sa jiran kowa. A watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5, a ƙarshen shekarar kuma Chrome ya daina sabuntawa a kan Android 7. Alhali irin waɗannan wayoyi na hannu biyu har yau suna cikin aljihun mutane a kasuwannin Buza da Kaita. Ita Opera Mini, da ake so don ba ta cin mega da yawa, tana matse shafin ne a kwamfutocin kamfaninta kafin ya iso, don haka wani adon a hanya yake zubewa. Har haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, wasu tsofaffin wayoyi akwati suke nunawa a madadinsu.

Maganin yana hannun mai gina shafin. Tela ba ya ɗinka wa jama'a riga da awon jikinsa. Masu aikin kirki sukan ajiye tsofaffin wayoyi su gwada shafin ɗaya bayan ɗaya, ko su biya kamfani irin BrowserStack na ƙasar Indiya su gwada daga nesa. Sukan fara da shafi mai sauƙi wanda kowace waya za ta karanta, sannan su ƙara ado. Amma wanda ya zauna a ofis a Yamai ya gwada a sabuwar kwamfutarsa kaɗai, a ganina bai gama aikinsa ba, ko da an biya shi.

Kafin nan, ƴar uwa, idan shafi ya hargitse ki gwada shi a wata burauza, ko ki ba mai gyaran waya ya sabunta wadda kike da ita. Idan kuwa shafin biyan kuɗi ne, kada ki danna da ka. Ki yi amfani da lambobin nan masu tauraro da ake bugawa kamar kira, ko ki je wurin wakili ya tura, ki karɓi shaidarki a hannu.